Mai Haƙan Kabari a Bakin Tudu

Shekara talatin da ɗaya ina haƙa a maƙabartar Tafo.
Na san jar ƙasa, na san inda marmara ke dakushe diga,
na san wadda ke rufta wa mutum in damina ta yi nisa.
Aikina rufewa ne.
Sai ga Zuwaira, 'yar ƙanwata, da jakar jami'a a kafaɗa:
"Kawu, zo ka ga masu tonowa."

Muka bar Aboabo kafin mai koko ta sauke tukunya,
mota biyu, sannan ƙafa, ta cikin rogo da ayaba.
Ni da na zaci dutse zan tarar,
ashe ƙwarya ce aka kife, ciyawa ta lulluɓe,
akuya ma ba ta haki in ta hau.

An ja zare, an yanka ƙasa kamar sabulu.
Mutum shida a durƙushe, da cokalin magina da burushi.
Abin da nake kwashewa kafin a gama ɗinkin likkafani
su sati uku suna shararsa.
Na yi dariya. Malama Ampofowa ba ta taya ni ba,
bangon ramin ta nuna: "Karanta mana."

Sai na ga ashe na iya.
Nan toka, nan ambaliya, nan an daɗe ba kowa,
nan kuma, na ɗora yatsa, an taɓa cire ƙasar an mayar.
Ƙasar da hannu ya tayar ba ta sake kwanciya yadda take.
Malama ta dubi Zuwaira,
ta rubuta maganata a littafi, har da sunana.

Can ƙasa yake. Ko kuwa take.
Rabi ƙashi, rabi inuwa,
gwiwa a ƙirji, hannu a ƙarƙashin kunci,
kwanciyar yaron da aka ce wa jira, yanzu za a dawo.
Fuskar ba ta duban alƙibla.
Na laluba raina ko zan ji haushi, ban samu ba.
Wa ya kawo musu labari?

A gefen kai ga gatarin aradu,
irin wanda kakata ke cewa sama ce ke jefowa;
Malama ta ce hannu ne ya wasa shi a kan fa.
Ga ƙonanniyar ƙwara, ga tsakiya uku,
ga tsingaron tukunya da gurbin yatsa a baki.
Na saci ido, na sa nawa.
Ya zauna daram.

"Shekara nawa?"
"Sai gawayin ya dawo daga awo. Dubbai dai, Kawu."
Kafin Kumasi ke nan,
kafin goro ya san hanyar arewa,
kafin jakin kakanmu ya sha ruwa a wannan rafi.

Amma ba mamacin ne ya tsaya mini a rai ba,
mai haƙan ne.
Ba diga, ba shebur, ƙila tsinin itace da tafin hannu,
duk da haka ya daidaita gefe,
ya tsince tsakuwa daga inda kunci zai sauka.
Haka nake yi ni ma, in mutane sun juya baya.
Ba wanda ya koya mini, ba wanda ya taɓa lura.
Abokin aiki, yau na ga hannunka.

Hadari ya taso daga kudu, aka ruga neman tamfol.
Ni na kama kusurwar da ke wajen kai,
na danne ta da dutse, ba gaggawa.
Sallamar da nake yi wa mutanen Tafo ta zo bakina,
na rasa ko tasa ce,
sai na ce, "Sannu da jira."

A hanya na tsayar da Malama:
"In kun gama aunawa da ɗaukar hoto,
ku aiko Aboabo, kowa ya san Bawa.
Ba na son kuɗi.
Ni zan mayar da ƙasar."